Kwamfutar yayana ta rikice a hannuna, ga sutunans ta ƙarato

Assalamu alaikum Tanti, ina fatan kina lahiya. Ni ɗaliba ce a nan Tawa, shekarata ta ƙarshe a jami'a, saura sati biyar in aje memuwar ɗina, wato littahin binciken kammala karatu, in yi sutunans, wato in kare shi gaban malamai. Kwamfutar da nike aiki da ita ta yayana ce da ya tahi bida Abijan. Da zai tahi ya bar mani ita amana, ya ce ni kaɗai zan taɓa ta, don akwai lissahin shagonshi ciki da hotunan marigayi babanmu waɗanda babu su ko'ina sai nan. To Tanti na yi laihi, na riƙa ba ƙanenmu yana wasanni da ita, na kuma ba wata ƙawata aro kwana biyu. Yanzu in na kunna ta sai na gama wanke-wanke ba ta gama tashi ba, tana zahi kamar murhu, fankarta na ƙugi, da rana sai ta mutu da kanta ina tsakiyar rubutu. In na danna a sai q ta hito. Abin da ya hi tada mani hankali, shekaranjiya na kai kile ɗina, wato ƴar ma'ajiyar USB, siber, shagon intanet, a buga mani babi na biyu, da na dawo na sa shi sai na iske dosiye ɗina, jakunkunan da takarduna ke ciki, duk sun koma wasu abubuwa masu ƴar kibiya, na danna na danna ba su buɗewa. Na kai ma wani mai gyara a kasuwa, ko kunna ta bai yi ba ya ce birus ne, sai an fomate, jika biyar, kuma duk abin da ke ciki zai tahi. Na ɗauko abata na dawo gida. Inna ta ce in maida a gyara ita za ta biya, amma kar in gaya ma yaya don zuciya gare shi. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Akwai abin da zan iya yi da kaina? Kuma in gaya mashi ko in yi shiru?

Ɗiyarki, daga Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Kafin komai bari in yaba miki abu guda, wato ɗauko abarki da kika yi kika dawo gida, don da kin bari an fomate ranar nan da yanzu ta'aziyyar hotuna muke yi. A yadda kika bayyana mini, ban ga alamar an rasa ko takarda ɗaya ba tukuna. Abin da ke gabanki ba ciwo ɗaya ba ne, ƙananan matsaloli ne huɗu suka haɗu miki lokaci guda sai suka yi kama da babbar masifa, kuma fomate ɗin nan da aka ce miki ba ya maganin zafi, ba ya fito da dosiyen da ke kan kile, harafin a kuwa ko sisi ba ya buƙata.

Mu fara da shi ma don ki ɗan ji sanyi. Madannan kwamfutarku irin na Faransa ne, layin sama ya fara da A Z E R T Y, na Amurka kuma da Q W E R T Y yake farawa, wato inda a take a namu q ce take a nasu. Wani ne ya juya mata harshe, kuma ba sai na yi duba ba na san ƙanenku ne, masu wasanni kullum yatsunsu na kan maɓallan Alt da Maj (wato Shift), in aka danna su tare kuwa harshen ya juye. Duba can ƙasa gefen dama kusa da agogo, za ki ga an rubuta ENG. Riƙe maɓallin Windows ki danna dogon maɓallin nan na tazara har ya koma FRA. Shi ke nan, guda ta tafi.

Yanzu kar ki taɓa komai kuma sai kin fitar da aikinki waje. Yau ɗin nan, da dare ko bayan asuba lokacin da gari ya yi sanyi ba za ta mutu miki ba, ki sa forfe, wato intanet ɗin da ake saya a waya, ki haɗa ta da wayarki, duk wani babi na memuwar da ke kan kwamfutar ki tura wa kanki ta imel. Takardar Word ba ta da nauyi, ba za ta ci miki komai ba, kuma duk mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya na 15 Go kyauta. Da kin haɗa, nan take ki shiga bayanan Wi-Fi ɗin ki kunna Connexion limitée, in ba haka ba Windows ta ga intanet sai ta hau sauke kayanta ta shanye forfen kafin ki ce kwabo. Ni dai duk ɗalibar da ta ce mini memuwar ɗinta a kile ɗaya yake zaune sai gabana ya faɗi, abu kamar ɗan yatsa da ke yawo cikin jaka tare da makulli da canji da kwalli.

Sai birus. Mai gyaran nan bai yi ƙarya ba a nan, akwai shi, kuma irinsa ya cika siber da wuraren buga takardu daga Yamai har Agadas, don kwamfuta guda ce ake cusa mata kile hamsin a wuni. Amma ki san halinsa, ɓarawon nan ba ya fita da kaya, ɓoyewa yake. Yana lulluɓe dosiyenki na gaskiya sai ya ajiye hotonsu mai ƴar kibiya a madadinsu, ke kuma kina dannawa kina zaton naki ne, shi kuwa dannawar nan ce ƙofar da yake bi ya shiga kwamfuta. Tunda kin ce kin danna kin danna, mu ɗauka ya shiga. Kina son ki tabbatar kayanki na nan? Sa kilen, kar ki buɗe shi, danna shi da maɓallin dama na wurin jan yatsa ki zaɓi Propriétés, in kin ga har yanzu wurin da aka cika yana nan yadda yake to kayanki ne ke zaune a ciki, ba su je ko'ina ba.

Amma kwamfutar za a fara wankewa, in ba haka ba kina share kile tana sake shafa masa. In Windows 10 ko 11 ce a kanta, tana da nata mai gadin a ciki, ba sai kin sayi komai ba. Ki rubuta Sécurité Windows a wurin bincike, ki shiga Protection contre les virus et menaces, ki bari ya sabunta kansa tukuna tunda kina kan intanet, sannan cikin Options d'analyse ki zaɓi Analyse complète. Zai daɗe, wani lokaci awa biyu ko fiye a tsohuwar mashin, shi ya sa na ce da dare. A ƙasan wannan akwai wani mai suna hors ligne, shi kashe ta yake ya bincika kafin Windows ta tashi, lokacin da birus ɗin bai farka ba balle ya ɓuya, kamar minti goma sha biyar yake ɗauka. Ki yi duka biyun, sannan ki sa kilen shi ma ki danna dama ki ce a bincika shi. Abin da ban yarda ba shi ne ki shiga intanet ki sauko da wani abu da ke walƙiya yana cewa kwamfutarki na cikin haɗari danna nan, yawancinsu su ne cutar da kanta.

To ga wurin da za ki ɗan ji tsoro amma ba komai. Duba harafin da aka ba kilenki a Ce PC, wato wurin da ake ganin ma'ajiyoyin kwamfutar, a ce E ne. Rubuta cmd a wurin bincike, wani baƙin allo zai buɗe, kar ya firgita ki, ba ya cizo. Rubuta E: ki danna Entrée. Sannan ki rubuta wannan daidai yadda yake, da tazara tsakanin kowane guntu: attrib -h -r -s /s /d *.* ki sake danna Entrée, ki jira har layin ya dawo. Abin da kika gaya mata da wannan shi ne ta yaye mayafin duk abin da aka ɓoye a cikin kilen. Ki kula sosai a ce E: ɗin ne ke farkon layin kafin ki buga, ba C: ba. In kin buɗe kilen za ki ga dosiyenki sun dawo, wani lokaci a cikin wani dosiye marar suna, ki leƙa can. Kwashe naki kawai ki maida kan kwamfuta, masu kibiyar nan da duk abin da sunansa ya ƙare da .vbs ko .lnk kar ki buɗe, sannan shi kilen ki fomate shi, wannan ne fomate ɗin da ya halatta a duk labarin nan. Daga yau kuma in za ki buga takarda ki maida ta PDF ki tura wa mai siber ta WhatsApp ko imel, kilenki ya zauna gida. Kar ki je ki yi masa faɗa, shi ma bawan Allah galibi bai san mashin ɗinsa na rabon cuta ba, in kuna mutunci ki gaya masa a hankali.

Da an gama wankin nan sai hotunan Baba. Ki sayi sabon kile cikin kwalinsa, wanda bai taɓa shiga ko'ina ba, ki kwafe dosiyen hotunan gaba ɗaya, ki cire shi ki ba Inna ta sa a akwatinta. Dosiyen shagon yayanki shi ma ki kwafe shi dunƙule ba tare da kin buɗe ba, ajiya aka ba ki ba bincike ba.

Zafi kuma shi ne na fi so ki fahimta, don shi ne zai iya kashe mashin ɗin da gaske. Masu ƙera kwamfutocin nan yawanci sun rubuta a yi aiki da su a wurin da bai wuce digiri 35 ba. Ke kin san Tawa a watan Afrilu da Mayu, 40 ake wucewa a inuwa, balle ɗakin kwano da azahar. Ƙwaƙwalwar da ke cikinta in ta doshi digiri 100 sai ta fara rage gudu, in abin ya ƙi sai ta kashe kanta don kar ta ƙone, wato mutuwar nan da take miki da rana kare kanta take, kuma wani kaso na nauyin da kike gani ma daga nan yake. Iska tana shiga ta ƙasa ta fita ta gefe ko ta baya, to ki gaya mini gaskiya, a ina kike ajiye ta? Na san amsar, kan katifa ko kan filo ko kan cinya bisa zane, duk mun yi. Kin toshe mata hanci ke nan. Ki ɗora ta kan tebur ko kan faranti mai faɗi, ki sa marfin kwalba huɗu a ƙarƙashin kusurwoyinta ta ɗan ɗaga, wannan ƴar dabarar kaɗai za ki ji bambanci a hannunki. Sannan ga ƙurar hunturu da ta shekara tana shiga, tana taruwa a bakin fankar kamar auduga, shi ne ƙugin da kike ji. Kashe ta, cire caja, ki samu tsohon buroshin haƙori busasshe ki share ramukan nan a hankali kina jawo ƙurar waje. Kar ki hura da baki, yawu ne zai shiga, kar ki lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma, kar kuma ki bi shawarar masu cewa a sa ta firiji ta huce, raɓa ce za ta taru a cikinta. Ki maida rubutunki bayan asuba da bayan isha'i, tsakar rana ki yi karatu a takarda ki bar ta ta huta, ke ma ki huta.

Sai dai ki bincika mini abu ɗaya, shin zafi ne ke kashe ta ko kuran, wato wutar lantarki? In tana kan caja ki zare wayar ki gani, in ta mutu nan take to batir ɗin ne ya gama aiki, kuma duk sanda aka ɗauke kuran ko filogi ya motsa za ta tafi da rubutunki. Ki shafa hannu kuma a wurin da kike jan yatsa, in kin ji ya kumburo ko murfin ƙasa ya ɗaga, batir ya kumbura ke nan, wannan kam ki daina sa mata caji ki kai a cire shi ranar, yana iya kama wuta. Caja ma ki tsaya kan nata na asali, in ƙawarki ta musanya miki shi ki duba lambar da ke jikinsa ta yi daidai da wadda ke ƙasan kwamfutar, yawancin HP da Dell 19.5 V suke sha, Lenovo kuma 20 V. In an ɗauke kuran ki zare daga bango, in an maido ki ɗan jira ya daidaita. A Word kuma shiga Fichier, Options, Enregistrement, za ki ga tana ajiye wa kanta duk minti 10, maida shi 2, ki kuma saba wa yatsunki Ctrl da S duk ƙarshen sakin layi. Ni da nake gaya miki, ina sakatariya a wani biro nan Yamai na taɓa wuni ina buga rahoto shafi talatin da wani abu, saura kaɗan a tashi kuran ya tafi, ban ajiye ba ko sau ɗaya, a biron na yi magariba da isha'i ina sakewa ina share hawaye, maigadi na leƙo ni yana sannu madam. Har yau ko wasiƙar layi uku nake rubutawa sai hannuna ya kai kan S.

Nauyin tashi kuma, danna Ctrl da Maj da Échap tare, wani allo zai fito, nemi inda aka rubuta Démarrage. Duk abin da ke jerin nan tare da ita yake tashi kullum, kamar jaki ne aka labta wa kaya tun bai miƙe ba. Wasanni da su Skype da duk wanda kika gane ba kya buƙata ki danna Désactiver, wannan ba gogewa ba ce, hana shi tashi da kansa ne kawai, wanda ba ki gane ba ki bar shi. Leƙa Ce PC kuma ki ga layin da ke ƙarƙashin C:, in ya zama ja to rumbun ya cika, kuma wasan ƙwallo ɗaya na iya cin wurin da memuwar dubu ba za su ci ba. A Paramètres, Applications, ki jera su bisa ranar da aka sa su, ga ƙa'idar da za ta raba ki da rigima: duk abin da aka sa bayan tafiyar yayanki naku ne ke da ƙanenki, cire shi, duk abin da ya riga tafiyarsa nasa ne, ko ba ki san amfaninsa ba kar ki taɓa. Share Téléchargements ɗinki da Corbeille. Sannan ki zaɓi Redémarrer ba Arrêter ba, mutane da yawa ba su san a Windows 10 da 11 Arrêter ba ya sauke komai da komai, yana ajiye wani sashe ne don ta tashi da sauri, Redémarrer ne ke wanke mata kai.

Akwai inda hannunki zai tsaya, kuma ina so ki tsaya ɗin. Kar ki kwance ko kusa ɗaya, ko kin ga an yi a bidiyo kamar wasa, garin neman gira ake rasa ido, kuma kayan ba naki ba. In bayan duk wannan tana mutuwa har da dare, to ƙurar ta yi kauri a ciki, sai an buɗe an share fankar an sake man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar don ta huce, aikin mai gyara ne. In kin ji tana ƙas-ƙas-ƙas daga ciki kamar agogo, ma'ajiyar ce ke shirin mutuwa, a nan kar ki tsaya binciken birus ma, kwashe hotuna da memuwar tukuna. In kuma tsohuwar Windows 7 ce a kanta, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, mai gadin da na gaya miki ba shi da ƙarfi a can, wankin birus ɗin sai an taimaka miki. Ita ma Windows 10 an daina kula da ita a ranar 14 ga Oktoban 2025, tana aiki lafiya ba wai ta tsaya ba, amma maganar canza ta ko sa mata ma'ajiya irin SSD da ke sa tsohuwar mashin gudu, wannan shawarar mai ita ce, ba ta sati biyar kafin sutunans ba.

Shi mai gyaran ban ce mugu ne ba. Fomate ce hanya mafi sauri a wurinsa, awa ɗaya ya gama ya karɓi kuɗinsa, farautar birus kuwa wuni take ci ga mutane na jira a bakin rumfa, kuma bai san akwai hoton mamaci a ciki ba. Laifinsa shi ne yanke hukunci bai ko kunna ta ba. In ta kama dole ki koma wurinsa ko wurin wani, ki je da abin da kike so a bakinki, a share fanka kawai, ba fomate, ku yi ciniki kafin ya taɓa, ki zauna a wurin har ya gama, in ya ce sai gobe ki ce gobe kya dawo da ita. Ki tafi da ƙanenki ko wani ɗan ajinku da ya ɗan san kan abin. Mashin mai hotunan iyali ba a barin ta ta kwana a kasuwa.

To mu zo kan abin da ya hana ki barci, don na san ba fanka ba ce. Inna ba ƙarya take koya miki ba, uwa ce da ta rasa miji, ɗanta na nesa, ba ta son ta ji muryoyinku sun tashi a waya, a ganinta jika biyar ba komai ba ce in za ta sayi zaman lafiya. Amma ki nuna mata a hankali cewa hanyar tata ce ma za ta jawo abin da take gudu, don in an fomate hotunan mijinta ne za su tafi, kuma ranar da yaya ya dawo ya buɗe ya ga wayam babu wanda zai iya ɓoye wannan. Ina zaton ba ta gane haka fomate ke nufi ba, in kin fassara mata da kanta za ta janye.

Yayanki kuma ki ɗan tsaya a wurinsa. Mutum ne da ke ƙasar wasu yana fama, ya ɗauki abu mafi tsada da ya mallaka ya bar miki don karatunki, sharaɗi ɗaya tak ya gindaya, kuma sharaɗin ba na rowa ba ne, tsoron ranar nan ta yau yake. In ya yi fushi yana da gaskiya, ki bar masa gaskiyarsa. Ki gaya masa, ɗiyata, amma ki gaya masa da hotunan a hannu. Ranar da kika kwafe su, ba sati mai zuwa ba, ki zaɓi biyu ko uku ki tura masa ta WhatsApp, sannan ki bi da saƙon murya, murya ta fi rubutu sanyaya zuciya. Ki ce yaya na yi maka laifi, ka ce kar kowa ya taɓa na bari an taɓa, birus ya shiga amma na cire, hotunan Baba da lissafinka duk suna nan na ajiye su wuri biyu, ka yafe mini. Kar ki jingina wa ƙanenku, ke aka ba ajiya, kar kuma ki tsawaita bayani kina kare kanki. Zai iya yin faɗa, zai iya yin kwana biyu bai amsa ba, ki ƙyale shi ya huce. In kin san zuciyar tasa ta wuce haka, ki bari Inna ko wani kawunku da yake jin nauyi ya fara yi masa shimfiɗa, amma maganar daga bakinki za ta fito. A saƙon nan ne kuma za ki nemi izininsa kan abu biyu, in ana buƙatar a buɗe ta a share, da kuma ko yana so a ɗora lissafin shagon nasa a imel ɗinsa shi, ba naki ba.

Ƙanenku kar a doke shi, yaro ne aka ba ya karɓa. Ki zaunar da shi kusa da ke lokacin da kike duk abubuwan nan, ina da tabbacin wasu wuraren shi zai riga ki ganowa, ki gaya masa daga nan har sutunans babu wasa, bayan nan kuma shi da yaya. Ƙawarki ma ba sai kin tuhume ta ba, amma ki gaya mata ta binciki nata kilen, wataƙila ita ma tana yawo da shi ba ta sani ba. In ta sake neman aro ki ce mai ita ya hana, ai gaskiya ce.

In kuma Allah ya ƙaddara mashin ɗin ta ƙi duk da haka, memuwar ɗinki na imel, kina iya ci gaba da gyara shi da Word na waya ko ki ari ta wata ƴar ajinku awa biyu da dare, ki kuma sanar da malamin da ke duba aikinki tun yanzu kar ki bari sai saura kwana uku. In kin buga umurnin nan na baƙin allo ya ce miki Accès refusé, rufe shi ki sake buɗe cmd da maɓallin dama ki zaɓi Exécuter en tant qu'administrateur, in har yanzu ya ƙi ki ɗauki hoton allon da waya ki turo mini mu duba tare. Ranar da za ki je buga babi na uku kuma, ki biya wurin mai hoto a wanke miki guda biyu cikin na Baba a takarda, ɗaya na ɗakin Inna, ɗaya ki ajiye wa yaya kafin ya zo sallah.